Daji ko Gefen Gari: Inda Ya Fi Dacewa a Kalli Bazara a Jihar Kebbi

Malamin makarantar da ke son ya fita da ɗalibansa su ga itatuwa da tsuntsaye da idonsu, da ɗalibin jami'ar da aka ba aikin bincike, da magidancin da sha'awa ce kawai ke jansa ya san abin da ke rayuwa a kewayensa, dukkansu sukan tsaya a kan tambaya guda idan bazara ta kama: a nufi daji ne, inda gatari da garma ba su cika kaiwa ba, ko kuwa a tsaya a gefen gari, a filin nan da ke tsakanin gidajen ƙarshe da gonaki da lambuna da fadama? Da yawa suna ganin amsar a fili take, domin a wurinsu daji shi ne asali, gefen gari kuwa ragowa ce da mutane da awaki suka bari. A Jihar Kebbi, musamman daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, wannan zato yakan sa mutum ya yi doguwar tafiya ya dawo da ƙishirwa da littafin da bai rubuta komai a cikinsa ba, alhali abin da ya fita nema yana nan kusa da unguwarsu.

Dalilin haka shi ne ruwa. Kafin bazara ta shiga, ƙasa ta yi kusan wata biyar ba ta ga ɗigon ruwan sama ba, ƙananan tafkuna sun ƙafe har lakarsu ta tsattsage, zafin rana kuma a Birnin Kebbi da Argungu yakan haura digiri 40 a yawancin ranakun Afrilu. A irin wannan yanayi duk wani abu mai rai yana matsowa inda danshi ya rage, kuma a Kebbi wuraren da danshi ke ragewa su ne ainihin wuraren da magabata suka kafa garuruwansu. Birnin Kebbi da Argungu suna bakin faffaɗar fadamar gulbin da ya gangaro daga Sakkwato, Jega tana gefen Gulbin Zamfara, Yauri kuma tana kallon Kogin Kwara a daidai inda ya buɗe ya zama Tafkin Kainji bayan kammala madatsar ruwa a 1968. Wanda ya bar gari ya nausa cikin daji a wannan lokaci, sau da yawa ruwa yake ba baya, kuma tare da ruwan yake barin mafi yawan abin kallo.

Sai dai dajin Kebbi kashi biyu ne, kuma dole a raba su kafin a yanke hukunci. A arewacin jihar, wajen Kangiwa da Kamba da Augie da Gwandu, ƙasar yashi ce, ruwan sama bai da yawa kuma yakan jinkirta har zuwa Yuni kafin ya zauna, abin da ya rage na daji kuma galibi sabara ce da geza da kalgo da aduwa da tumfafiya. A kudu, a ƙasar Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba da Yauri da Ngaski, ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, yana kuma farawa da wuri, sannan akwai duwatsu da ƙoramu da manyan itatuwa irin su doka da maje da marke da kirya da kaɗanya. Mutumin Kangiwa da mutumin Zuru, idan kowannensu ya ce zai shiga daji, abubuwa biyu mabambanta suke nufi, kuma bazarar kudu tana gaban ta arewa da 'yan makonni.

Abin da ido ke fara cin karo da shi a gefen kowane gari a jihar shi ne dogon yaro, kuma a farkon bazara ƙamshin ƙananan fararen furanninsa yakan cika hanya da yamma. Baƙo ne, asalinsa Indiya, an kawo shi zamanin mulkin mallaka, haka ma mangwaro asalinsa can ne, itacen turare kuma daga Ostiraliya yake. Wanda ya tsaya a inuwar waɗannan ukun ya ce ya ga itatuwan ƙasarmu, bai gan su ba tukuna. Amma da zarar ya ƙara 'yan taku ya shiga gonaki, zai tarar da wani tsari na daban, wato itatuwan da manoma suka bari da gangan lokacin sassabe saboda amfaninsu: gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da ɗinya, sai giginya da goriba a bakin fadama. Da yake babu wasu itatuwa da ke matse su, sukan yi girma su baje rassa fiye da 'yan'uwansu na daji, kuma a nan ne ya fi sauƙi a koya wa yaro ya bambanta ɓawo da ɓawo, ganye da ganye.

Gawo shi kaɗai ya isa darasin yini guda. Da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da gona ta zama fili fetal babu ko ɗanyen haki, za a same shi da ganyensa, tumaki da awaki sun taru a ƙarƙashinsa suna haki, kuma da zarar iska ta kaɗo murɗaɗɗun 'ya'yansa masu ruwan goro suka faɗo, sai ka ga dabbobin sun miƙe a guje suna rige-rigen tsinta. Kashin da suke bari a wurin, da ganyen da itacen zai zubar idan damina ta kusa, su ne takin da ke sa geron gindin gawo ya fi na sauran gonar kyau, ga shi kuma ba ya tare wa shuka rana domin a damina tsirara yake tsayawa. Wanda ya riƙa zuwa wurin gawo guda daga Maris zuwa Yuni zai ga wannan juyi da idonsa, a daidai lokacin da kukar da ke kusa da shi ke yin akasin haka, tana fitar da sabon ganye tun kafin ruwan farko ya sauka.

Ɗorawa ma haka take da abin nunawa, musamman a kudancin jihar inda ta fi yawa. A ƙarshen hunturu da farkon bazara jajayen furanninta ke reto a dogayen tsinkaye kamar tuntun jar dara, jemagu na zuwa musu da dare, ƙudan zuma da sassafe. Zuwa Afrilu sun koma dogayen kwanso, mata da yara na saukowa da su da ƙugiya, a raba gari daban, kalwar daddawa daban, makubar daɓe daban. Furen kuka kuwa sai mai haƙuri, domin sai gab da damina yake fitowa, da magariba yake buɗewa, fari tas yana rataye kansa a ƙasa, warinsa ba daɗi, kuma kafin yammacin gobe ya yi baƙi-baƙi ya saki. Jemage ne ke ɗaukar masa ƙwayar haihuwa daga fure zuwa fure. Duk wanda ke son ya ga wannan dole ya kasance a gindin itacen bayan faɗuwar rana, abin da ke da sauƙi a kukar da ke bakin unguwa, amma babu mai hankalin da zai gwada shi a tsakiyar daji a wannan zamani.

Gefen gari yana da nasa aibin, kuma babba ne. Itatuwan da ke cikinsa zaɓin mutum ne, saboda haka suna ba da labarin buƙatar mutane fiye da labarin ƙasar. Yawancinsu tsofaffi ne, babu ƙanana a gindinsu, domin awaki da garma ba sa barin tsiro ya kai shekara biyu. Kukoki an aske musu rassa saboda miya, gawo an sassare shi saboda dabbobi, maɗaci an ɓare masa jiki saboda magani. Dogon yaro kuwa, da yake jemagu da tsuntsaye na cin 'ya'yansa suna watsa irinsa, yana mamaye duk wani kango da gefen hanya. Ɗalibin da bai taɓa ganin komai ba sai wannan zai ɗauka haka itatuwa suke rayuwa, ɗaya can ɗaya can, kowanne da tabon gatari.

A nan ne daji ya fi, kuma fifikon nasa babu abin da zai maye gurbinsa. A dajin kudu, tun sama ba ta yi alamar hadari ba, manyan itatuwa sukan fara toho, doka da maje su fito da sabon ganye ja-ja mai sheƙi wanda daga baya yake komawa kore, marga ta saki dogayen furanninta masu ruwan ɗorawa, a wuraren da gobarar daji ta ci kuma rawaya ta ɓullo da furenta a ƙasa ƙasa cikin baƙar toka ba tare da ko ganye ɗaya ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai nazari shi ne ganin wanne itace ya zaɓi wace ƙasa. Na kan tudu mai tsakuwa daban, na bakin ƙorama inda kurmi ke yin duhu daban, tsamiya da kanya kuma sau da yawa a kan tsohon suri ake samunsu, inda gara ta tara ƙasa mai albarka da danshi. Ana ganin tsoho da matashi da tsiro a wuri ɗaya, ana ganin wanda ya faɗi yana ruɓewa. Wannan tsari ne da gona ba za ta taɓa nunawa ba. Amma ko a dajin, kada a yi tsammanin samun wurin da ba a taɓa ba, domin masu gawayi sun ci kirya sosai, madobiya kuma an sare ta an fitar da ita zuwa ƙasashen waje har sai da aka sanya ta cikin jerin itatuwan da dokar ƙasa da ƙasa ta taƙaita cinikinsu. Dajin arewa kuwa a Afrilu bai da abin nunawa da yawa, sai toka-tokar sabara da ƙurar da guguwa ke tayarwa, kuma a ganina bai kai wahalar zuwa ba sai bayan ruwa ya sauka.

Idan tsuntsaye ake nema, gefen gari ya yi wa daji nisa a wannan lokaci, kuma shamuwa ce hujja ta farko. Ita ce baƙar tsuntsuwar nan mai farin ciki da doguwar ƙafa wadda ke shafe watannin raninmu a gabashi da kudancin Afirka, sannan ta dawo wajen Afrilu da Mayu ta yi sheƙa. Ba ta neman daji, itatuwan cikin gari da na gefensa take bi, kuka ko tsamiya ko dogon yaro, domin ta daɗe da sanin mutane ba sa taɓa ta. Manomi da ya ga ta sauka ya san lokacin kai taki da sharar gona ya ƙure. A daidai lokacin da take isowa, wasu baƙin suna haramar tafiya, wato ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da wasu nau'o'in agwagi da tsattsewa waɗanda ke tsallake Sahara su koma Turai su yi ƙwai, kuma kafin su tashi sukan taru a duk inda laka da ruwa suka rage suna ƙara ƙiba. Saboda haka ƙarshen Maris da farkon Afrilu lokaci ne na canjin baƙi, kuma fadama ce masaukinsu.

Noman rani ya ƙara wa fadamar Kebbi wannan matsayi. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, ban ruwa ya yawaita, injuna na ta kwarara ruwa a fage a watannin da dā ƙasa ke bushe. Belbela da zalɓe da kirinjijiya da dinya duk suna samun abinci a nan, shirwa na shawagi a sama, tsattsewar giginya kuma tana manna sheƙarta da ƙwanta a jikin ganyen giginya da yawunta. Jan baki ma a nan yake, kuma abin da mai kallo zai ga ya burge shi, garken da ya rufe sama yana juyawa tare, shi ne abin da ke hana mai shinkafa barci idan ta fara nuna, don haka a yi hattara da irin maganar da za a yi a gabansa. A Yauri kuma ruwan tafki yana ja baya a bazara, ya bar faffaɗar laka da tsibirai inda tsuntsaye ke sauka. Rashin da ya fi fitowa fili a gefen gari shi ne na ungulu, wadda dā ba a rasa ta a mahauta da kasuwa, amma yanzu ta yi ƙaranci har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa mafi tsanani a 2015. Gauraka ma, wanda dattawa suka saba gani a fadama, da wuya matashin yau ya ce ya taɓa ganinsa.

Daji yana da nasa tsuntsaye waɗanda ba sa son kusantar mutane, irin su burtu da tuje da zabin daji, amma suna da wayo, kuma a busasshen daji suna hango mutum tun daga nesa. Fakara da cilakowa da ragon maza da tsirya kuwa ana samunsu a gonakin da ke ɗan nesa da gari, ba sai an kai tsakiyar daji ba.

Batun namun daji shi ne inda buri ya fi yin yawa, shi ne kuma inda aka fi jin kunya. Wanda ya shiga daji da rana yana fatan ganin barewa ko gada ko mugun dawa, mafi yawan abin da zai samu shi ne sawu a kan yashi da kashi da rami, kuma ko su ɗin sai maharbi ya nuna masa ya fassara. In an yi sa'a a ga jan biri yana gudu, ko gwaggon biri a kan duwatsun kudu. Manyan dabbobi ba su ƙare ƙaf ba: akwai dorina a ruwan Yauri, kuma hatsarinta ga masunta da manoman bakin ruwa sananne ne, a 2018 ma giwaye sun ɓullo a yankin Bagudo da Koko-Besse. Amma irin wannan gani sa'a ce, ba a shirya tafiya a kansa. Wanda ke son yara su ga kada kusa, wurin Girmace da ke Zuru, inda al'ada ta hana a taɓa su, ya fi masa tabbas a kan yawo a bakin gulbi. Ƙananan dabbobi kuwa, kurege da bushiya da damo da guza da hawainiya da jan gwada mai kaɗa kai a kan katanga, duk gefen gari ya wadatar da su.

Akwai wani abu guda da a ganina shi ne ya fi rinjayar da ma'auni, wato ruwan farko. Babu wanda ya san ranarsa. Iska ce kawai ke juyawa ta fara busowa daga kudu maso yamma, zafi ya koma mai gumi, hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, sai wata rana ya zubo. A cikin awowi kaɗan bayan haka abubuwa da dama ke faruwa waɗanda ba za su maimaitu ba sai baɗi. Shinge yakan fito daga ƙananan ramuka a gindin suri da magariba, dubbai a jere, kowanne ya tashi ya yi ɗan shawagi ya faɗo ya karkaɗe fukafukansa, sannan ka ga biyu-biyu suna bin juna a ƙasa suna neman inda za su haƙa su kafa sabon gida, yayin da ƙadangaru da kwaɗi da kaji da yara riƙe da kwano kowa ke kwasar rabonsa a ƙarƙashin fitila. Kwaɗin da suka yi watanni a binne sukan cika dare da kuka daga kududdufin da jiya busasshe ne. Gaiwa ma, wadda ta naɗe kanta cikin busasshiyar laka tun bayan janyewar ruwa tana shaƙar iska ta ɗan rami, tana jiran ruwa ya cika wurin ne ta fito. Mai kallon gefen gari zai iya sa takalmi ya isa wurin cikin minti kaɗan, wanda kuwa ya tsara tafiyar daji tun mako biyu da suka wuce, sai dai a ba shi labari.

Duk wannan lissafi na abin gani ne, amma akwai lissafin da ya gabace shi, wato na tsaro, kuma ba daidai ba ne a yi wa mai karatu kwana-kwana a kansa. Dazuzzukan da suka fi kowanne albarkar itatuwa da namun daji a wannan yanki su ne suka zama mafakar 'yan bindiga. Dajin Kuyambana da ke ƙaramar hukumar Maru a Zamfara, wanda ke haɗe da gandun Kamuku na Birnin Gwari, an keɓe shi ne domin namun daji, amma yau da wani abu daban aka san shi. Masarautun Zuru da Yauri sun sha hare-hare, har da sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021. Gandun dajin Kainji da ke maƙwabtaka a jihohin Neja da Kwara shi ma bai tsira ba, ta arewa kuma, wajen iyaka da Jamhuriyar Nijar, matsalar 'yan bindigar Lakurawa ta fito fili tun ƙarshen 2024. Yanayin yana sauyawa daga wata zuwa wata, daga ƙauye zuwa ƙauye, don haka labarin bara ba ya isa hujja. Malamin da aka danƙa wa amanar 'ya'yan mutane ba shi da wani uzuri na kai su inda mutanen wurin da kansu suka daina zuwa itace.

Ko inda lafiya lau ake, bazara tana da nata sharuɗɗa. Lokacin kallo gajere ne, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma daga bayan la'asar zuwa magariba, tsakaninsu kuwa tsuntsu da dabba duk sun lafe, mutum ma ya kamata ya lafe. Mai zuwa daji yakan cinye mafi kyawun waɗannan awowi a kan babur, ya isa rana ta riga ta ɗaga, ga kuɗin mai da na ɗan jagora da nauyin ruwan sha. Zafi kuma yana fito da kunama da kububuwa, kuma saran kububuwa a wurin da ke nesa da asibiti mai maganin dafi babbar magana ce. A duka wuraren biyu takalmi rufaffe wajibi ne, kuma ba a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse.

Gefen gari ma yana da masu shi. Kowace gona da kowane lambu da kowane gindin mangwaro akwai mai ita, kuma baƙon da aka gani yana leƙe-leƙe da madubin hangen nesa yana ɗaukar hoto da waya, a wannan zamani da ake fargabar masu kai wa ɓarayi rahoto, zai iya jawo wa kansa zargin da bai shirya masa ba. Maganin wannan sallama ce da bayani. A fara da hakimi ko mai unguwa, idan kuma an iske mai gona a tsaya a ce, “Sannu da aiki, Baba, ɗalibai ne na kawo su ga itatuwan gonarka in ka yarda.” Sau da yawa dattijon da aka girmama haka shi ne zai zama malamin ranar, ya faɗi shekarar da aka bar wannan tsamiya da itacen da shamuwa ta saba sauka a kai. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a daji wannan ya wuce ladabi ya zama sharaɗi, domin ba a shiga sai da maharbi ko makiyayin da hakimin yankin ya sani ya kuma amince da shi.

Abin da ke mayar da yawo ya zama nazari shi ne maimaitawa da rubutawa, kuma nan ma kusanci ya fi. A zaɓi hanya guda gajera wadda ta ratsa gona da lambu ta kai bakin fadama, a riƙa bin ta kowane mako a lokaci guda, a rubuta ranar da kuka ta fara toho, ranar da aka ga shamuwar farko, ranar da gawo ya fara zubar da ganye, ranar da shinge ya fito. Bayan shekara biyu ko uku littafin zai fara nuna yadda farkon damina ke bambanta daga shekara zuwa shekara a wannan wuri. Mai wayar zamani zai iya amfani da manhajoji irin su eBird da iNaturalist wajen adana abin da ya gani, sannan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana tattara bayanan masu sa kai domin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma abin da aka gani a gefen Kalgo ko Bunza yana da daraja a wurinta daidai da na kowane gandu.

Saboda haka ga malamin firamare ko sakandare, da mai iyali, da duk wanda yanzu yake farawa, shawarata gefen gari ce ba tare da wata tantama ba, kuma a fifita ɓangaren da ya haɗa da fadama. Mai neman tsuntsaye ma haka, ko da ya ƙware. Wanda ya kamata ya yi tunanin daji shi ne ɗalibin ilimin tsirrai ko na gandun daji wanda tambayarsa ta shafi yadda itatuwa ke zama da juna da yadda suke hayayyafa, domin gona ba za ta amsa masa ba. Shi ma zai fi kyau ya fara neman matsakaicin wuri, kamar tsohuwar maƙabarta da ba a sare itatuwanta, ko burtali, ko saurar da aka daɗe ba a noma ba, ko gindin dutsen da garma ba ta hawa, domin irin waɗannan wurare sukan riƙe itatuwan asali da ƙananansu a tazarar da ake jin kiran salla daga gari.

Idan kuwa binciken ya tilasta shiga dajin sosai, kuma mutanen yankin sun tabbatar da cewa hanya lafiya take a wannan makon, to a kudancin jihar ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu ya fi dacewa, lokacin da toho ya fito amma ciyawa ba ta tashi ta rufe ƙasa ba. A kwana a garin da ya fi kusa domin a shiga da sassafe, a tafi mutum kaɗan, a bar wa wani a gari labarin inda aka nufa da lokacin dawowa, kuma a fito kafin azahar, domin hadarin farkon shekara yakan taso ne da yamma da iska mai karya rassa, ƙoramun da aka tsallake a bushe da safe kuma sukan cika cikin ɗan lokaci su datse hanyar komawa.